Hular Azurfa a Bakin Surukina

Jiya da yamma ɗaya daga cikinku ya ce wai aikin da na kwashe shekara arba'in ina yi ba sana'a ba ne. Wai hula ce kawai ake kifa wa haƙori kamar yadda ake kifa murfi a kan tukunya, a shafa ɗan siminti, a ce wa mutum ya tashi. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda ga shi can yana sosa ƙeya. Ban kuma ji haushi ba, domin da irin wannan tunanin ni ma na shiga aikin, har ma na fi shi wauta. Shi a bakinsa maganar ta tsaya, ni kuwa a bakin mutane na gwada tawa.

Haƙorin Makka ake ce wa abin da muke yi, ko da a Fagge aka ƙera shi, ko da mai shi bai taɓa wuce tashar jirgin ƙasa ba. Mu a tsakaninmu hula muke cewa, domin ba sabon haƙori muke dasawa ba. Haƙorin mutum yana nan da ransa, mu dai 'yar riga ta zinari ko ta azurfa muke ƙera masa mu sa masa. Wani don ado yake zuwa, wani kuma haƙorin ne ya tsage ko ya gutsure, yana so a rufa masa asiri.

Maigidana a aikin Baba Bukar ne, Babarbare, wanda ya daɗe a Fagge har 'ya'yansa ba sa jin yaren gida. A ƙafa ya je hajji tun yana saurayi, ya tsaya shekaru a hanya yana neman guzuri, can ya koyo aikin haƙori. Zaurensa yana cikin layin maɗinka. Mahaifina ɗinki ya so in koya, amma kullum na zo wucewa na hangi zinari yana walƙiya a kan teburin Baba Bukar, sai na ƙudurta cewa wanda yake taɓa zinari safe da yamma ba zai mutu da talauci ba. Shekarata ashirin a lokacin, kuma iyakar zurfin tunanina ke nan.

Shekara ɗaya da rabi ban taɓa zinarin ba, ban taɓa bakin ɗan Adam ba. Muƙamuƙin tunkiya Baba Bukar yake sa a karɓo masa daga mahauta, ya miƙo mini tsohon gwangwani ya ce in yi wa haƙoranta hula. Na ƙasa kaɗai nake yi wa, tunda tunkiya ba ta da na sama a gaba. In na gama ya ɗauka ya bi gefen da farce. Da zarar farcen ya maƙale sai ya jefa mini a cinya in sake. Tumakin Fagge da yawa sun bar duniya da haƙorin gwangwani saboda ni.

Kayan aikin ba su da yawa, akwati ɗaya ya ɗauke su. Akwai siririyar waya da ake zagaya wuyan haƙori da ita a murɗe, a zare a yanke a miƙar, ita ce ma'auninka. Akwai almakashi, da awartaki, da hantsaki, da 'yar guduma da ba ta fi babban yatsa ba, da magagari iri uku. Akwai fitila da bututun da kake hura harshen wuta da shi don liƙe bakin ƙarfen. In numfashinka ya yi gaggawa, hular ta narke ta zama ɗigo. Sai auduga, da ɓallin gilashi na kwaɓi, da simintin haƙori, wato farar hoda da ruwanta, waɗanda muke saya a wani kantin magani a Sabon Gari. Wuyar aikin duka a bakin hular take, inda ƙarfe ya haɗu da dasashi. In ya yi kauri ya ji wa mutum ciwo, in ya yi sako-sako abinci ya samu ɗaki.

Amma abin da Baba Bukar ya fi tsanantawa a kai ba ya cikin akwatin. Jan kunne yake kiransa. In an gama sa hula, mutum ya duba madubi baki har kunne ya yunƙura zai tashi, sai Baba ya kama hannun rigarsa ya zaunar da shi. Yau kada ya tauna komai a wajen, ya sha kunu ya haƙura. Kwana uku babu goro, babu rake, babu alewa. Ƙashi da kwalba da zare kuwa, an raba su da wannan haƙori har abada. Kullum da safe, da kuma bayan ya ci abinci, ya tauna aswaki ya yi laushi, ya bi wuyan hular yana sharowa daga dasashi, domin ƙarfe ba ya ruɓewa amma abin da ke ƙarƙashinsa yana ruɓewa. In ya ji wari, ko ya ga jini, ko wurin ya fara zogi, ya dawo a ranar. In bai ji komai ba ma ya dawo bayan mako a duba. Haka yake faɗa wa kowa, attajiri ko ɗan dako, da murya ɗaya kamar mai karanta takardar kotu.

Mutum na farko da aka bar ni na yi wa aiki wani maɗinki ne, Isiyaku, a fiƙarsa ta dama. Hular ta zauna kyam. Ni kaina sai da na ja baya ina kallonta, kai ya kumbura, na yi jan kunnen a gurguje kamar mai tsoron kada jirgi ya tashi ya bar shi. Washegari Isiyaku ya je suna, aka kawo nakiya, ya kai loma. Sai ga shi da hantsi ya shigo zaure ido a waje, yana tambaya ko zinari yana kisa, domin ya haɗiye. Baba Bukar ya ce ba ya kisa, in kuma yana son kayansa ya san inda zai je ya jira su. Ni kuwa ya fito da ni bakin titi, ya sa na tsaya gaban maɗinka na karanta jan kunnen daga farko har ƙarshe, sau uku, suna taka keken ɗinki suna gyara mini inda na yi tsallake.

Wannan kunyar ta yi mini amfani. Da aka yaye ni na kafa tebur a gefen Kasuwar Sabon Gari, ba a daɗe ba aka san ni da kaifin baki. Direbobin manyan motoci na zuwa, waɗanda haƙori ne mabuɗin kwalbarsu. Akawunan jirgin ƙasa na zuwa, su sai an maimaita musu sun rubuta a takarda. Wata mai sayar da kwanuka, Mama Titi, ta riƙa dirje tata hular da toka kullum don ta fi ta kishiyar rumfarta ƙyalli, har ta huda ta. Na tsaya gaban kwanukanta na wanke ta tas, tana dariya tana ba ni haƙuri. Akwai wani akawu mai ɗaura laktaye a wuya da na sa ya buɗe baki na shinshina, na ce ya je ya wanke ya dawo, ni ba na gini a kan juji. Ya tafi yana huci, ya kuma dawo. Ina jin daɗin kaina ƙwarai a lokacin. Na ɗauka babu bakin da zan ji nauyinsa a duk faɗin Kano.

To, sai aikin surukina ya zo, shekara huɗu ko biyar kafin Turawa su miƙa mulki.

Malam zan ce masa, don har yau ban iya kama sunansa ba. Mahaifin matata Hajara ne. A zaurensa a Fagge yake koyar da manya gyaran karatu, kuma shi ne mai jan baƙi a tafsirin unguwar duk azumi, wato shi ke karanto ayoyin da murya, babban malami yana fassarawa. Ya kai shekara talatin a kan wannan shimfiɗa. Ba shi da gona, ba shi da rumfa, abin da aka san shi da shi ke nan, kuma mutane na tasowa daga wasu unguwanni don su ji yadda yake fitar da kowane harafi daga mazauninsa. Haƙoransa na sama na gaba, ɗaya ya fita tuntuni. Ɗayan da ya rage shi yake jingina harshe a kai in ya zo kan haruffan da ba sa fita sai harshe ya taɓa haƙori. A wannan shekarar, da Babbar Sallah, ya gamu da ɗan ƙashi a naman layya, gefen haƙorin ya ɓalle.

Saƙon ta hannun mata ya zo, kamar kowane saƙon surukai. Shi ya gaya wa matarsa Inna, Inna ta gaya wa Hajara, Hajara ta ajiye mini tare da kwanon tuwo. Malam yana so a rufe masa haƙorin kada ya ƙarasa, amma da azurfa, shi ba ya sa zinari.

Ku yaran yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane abin da ya same ni ba. Shekara uku da auren, amma na fi sanin ƙafar Malam a kan fuskarsa. Na san akwai farce ɗaya fasasshe a babban yatsansa na hagu, amma da za a ce in faɗi kalar idonsa sai in yi ƙarya. In na hango shi a hanya lungu nake shigewa. In gaisuwa ta kama, daga bakin ƙofa nake zubewa. Yanzu an ce in zura yatsa a bakinsa.

Na garzaya wurin Baba Bukar in roƙe shi ya yi aikin. Lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, hannu ma ya soma rawa. Ya yi dariya har da tari, ya ce bakin suruki ma yawu ne a ciki, in je in yi aikina yadda aka koya mini. Na ce to, na tafi ban yi ko ɗaya daga abin da aka koya mini ba.

Ka'idar aikin ita ce a fito da mutum haske, ya zauna a 'yar gajeriyar kujera, ya kwantar da kansa baya a jikin cikinka, kai kana tsaye a kansa. Ta ina zan fara ɗora kan Malam a cikina? Sai na bar shi a kan buzunsa cikin duhun zaure, ya jingina da bango, ni kuma na durƙusa ina leƙen haƙorin daga ƙasa kamar mai neman kaza a ƙarƙashin gado. Na zagaya waya ido rabi a ƙasa. Na ji ta ɗan zame, ban sake ba. Ranar sawa, ina dannawa na ji a yatsana cewa wuyan ya yi sako-sako. Da direba ne da na zare na matse na sake gwadawa, ko sau biyar ne. Amma wannan yana nufin in ƙara cewa Malam ya buɗe baki, sai na ƙara siminti na cike gurbin. Ga shi tun da na fara leɓensa ke motsi yana tasbihi, harshe na kai da komo yana jiƙa wurin da na busar da auduga. Kowa nakan ce masa ya tsayar da harshensa. Wa zai ce wa Malam ya dakata da ambaton Allah? Gumi ya jiƙa mini riga, ga shi kuwa damina ce, garin da sanyinsa.

Na goge abin da ya ɓullo, na miƙa masa madubi da hannu biyu. Ya duba, ya gwada wata kalma a hankali, ya gyaɗa kai. Lokacin jan kunne ya yi. Kalmomin suna nan jere a bakina, amma da na tuna cewa a cikinsu akwai in ka ji wari, kuma akwai ka riƙa wanke wurin, sai harshena ya ƙi tashi. Mutumin da yake yin aswaki sau biyar a rana, ni zan koya wa wanke baki?

"An gama?" in ji shi.

"An gama, Allah ya gafarta Malam."

"Babu wani abin da ya kamata in kiyaye?"

Ku ji fa, shi da kansa ya buɗe mini ƙofa. Na dubi fasasshen farcen nan na ce, "Babu komai, Malam, sai fatan alheri."

Ya sa mini albarka, na fita da baya-baya, ina jin kamar an sauke mini buhun gyaɗa daga ka.

Wannan daminar ita ce muguwar shekarata. Na sayi babban gwangwanin hoda don in huta da zirga-zirga, na cusa shi ƙarƙashin tebur daidai inda rumfar ke yoyo. Hodar ta sha danshi ban sani ba. Kafin kaka ta yi, huluna suka fara zubowa. Wannan ya zo da tasa ƙulle a gefen hankici, wancan a cikin kwalin ashana, wani ya tsaya tsakiyar kasuwa yana ɗaga leɓe yana nuna wa jama'a. Aka fara cewa hular Ɗanladi, wato ni, ba ta kwana biyu a gida ɗaya. Sai in wuni ina korar ƙuda daga tebur. Da na kai wa Baba Bukar hodar, murzawa kawai ya yi tsakanin yatsu ya ce in zubar. Na zubar, na sayo sabuwa, na bi duk wanda ya dawo na sake masa. Waɗanda suka zage ni a kasuwa su ne suka tsira da haƙoransu, domin sun dawo da wuri.

Na san da wannan gwangwanin na yi na Malam. Na sani sarai, ba mantawa na yi ba. Amma tunda shiru ba saƙo daga Fagge, sai na yanke wa kaina hukuncin da ya fi mini daɗi, cewa albarkar karatu ce ta riƙe. Ban tsaya nan ba, sai na mai da shi abin talla. Duk wanda ya yi mini gori sai in ce ya je Fagge ya dubi bakin mai jan baƙi, wata nawa yanzu ko gezau. Na faɗi wannan magana ya fi a ƙirga, ina bugun ƙirji, ban taɓa zuwa na duba bakin da nake tura mutane su duba ba.

A shekarun nan azumi cikin tsananin zafi yake faɗowa. Saura kwana goma sha biyu a kama, Hajara ta je gida wuni ta dawo da la'asar. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina. Ta ce leɓen mahaifinta na sama ya kumbura har hanci, wata biyu ke nan ba ya cin abu mai zafi, kanumfari yake cusawa a wurin, karatun zaure ma ya rage. Ya kuma hana kowa ya gaya mini, wai ya ji kasuwata ta yi sanyi, ba zai ƙara mini da nasa ba. Inna ce ta gaji ta fasa ƙwan.

Na fara kame-kame, ina cewa ai in dai ana wankewa bai kamata ya kai haka ba.

"Wace wankewa?" in ji ta. "Inna ta ce tun ranar da ka sa masa, aswaki bai taɓa haƙorin nan ba. Kewaye shi yake yi."

Na ce don me.

"Ya ce aikin hannunka ne, kada ya kankare maka shi."

Wata takwas mutumin nan yana lallaɓa hulata kamar ƙwai, yana wanke kowane haƙori ban da wanda ya fi buƙata, don girmama ni. Hajara ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ba ta ɗaga ba. Cewa ta yi, "Kai da kake shinshina bakin mutanen Sabon Gari, ubana ne kaɗai bai isa ka gaya masa gaskiya ba?" Ta shige ɗaki ta bar ni da wannan.

Da sassafe na ɗauki akwati da 'yar kujerata na nufi Fagge. Na tarar da shi da ɗalibai biyu, dattawa masu furfura. Na gaishe shi, ban jira an gama amsawa ba na ce ina so ya fito waje, haske nake buƙata. Dattawan suka dubi juna. Malam ya tashi ya fito. Na zaunar da shi a kujerar, na kama kansa da hannuna na kwantar a cikina, na ce ya buɗe baki ya tsayar da harshensa. Ya buɗe, ya tsayar. Abin da na kasa faɗa wata takwas, ashe numfashi ɗaya ya ishe shi.

Ranar na fara ganin fuskar surukina sosai, kuma a juye na gan ta. Warin ya riga idona isa. Dasashin ya yi jawur, ga wani ɗan ƙurji a sama yana tsatsar ruwa. Na tsaga hular na ɓare ta. Simintin ya daɗe da narkewa, abin da ya riƙe ta kawai dattin da ya cika gurbin ne. Haƙorin ya yi baƙi a wuya ya zagaye, na taɓa da hantsaki ya lotsa kamar jiƙaƙƙen rogo.

Ya ce, kansa na nan a cikina, "Zai kai azumi?"

Na ce ba zai kai Juma'a ba, kuma in aka bar shi ciwon zai hau fuska. Daga nan na zayyana masa komai a gaban ɗaliban nan. Na ce awon bai yi daidai ba kuma na sani, hodar ta lalace kuma na sani, akwai abin da ake gaya wa kowa bayan an sa hula, ya tambaye ni na ce babu. Na ce kunya ce ta hana ni. Ina faɗa ina jin yadda kalmar ta yi arha a bakina.

Ya ɗago ya zauna daidai, ya tofar a gefe.

"Ɗanladi," ya ce, kuma ranar ya fara kiran sunana, "shekara talatin ina gyara wa mutane baki. Akwai sa'annin mahaifina da na sa suka maimaita harafi ɗaya sau ashirin a zauren nan. Da na ji kunyarsu, da sun mutu suna karanta kuskure. Kai ne malamin wannan abu, ni ban san shi ba. Da ka faɗa mini, da na yi."

Bai ƙara ko kalma a kai ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba. Ya ce a ɗauko masa rawaninsa. Na raka shi asibiti, ina gaba da akwati yana biye. Aka cire haƙorin kafin azahar. Da muka fito, ni da kaina na kama hannun rigarsa a bakin ƙofa na yi masa bayanin da ya rage: kada ya tsotsi wurin, kada ya sha abu mai zafi yau, daga gobe ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, sauran haƙoran kuma ga yadda zai bi wuyan kowanne da aswaki. Yana saurare yana ƙirgawa da yatsu.

Daga baya mun gwada masa haƙorin roba wurin wani mai yi a Sabon Gari. Yana magana da shi lafiya, amma in ya ja doguwar aya sai ya motsa. Ya ce ba zai karanta maganar Allah da haƙorin da ke rawa ba. Ni kuma tun daga nan bakina ya ƙara lalacewa. Limami, alƙali, tsohuwar da ta yi jika da ni, duk wanda ya zauna a kujerata sai ya ji maganar wari da datti, in ya ga dama ya yi fushi. Wasu sun yi, har aka riƙa ce mini Ɗanladi marar ta ido. Wannan duka bai mayar wa Malam komai ba.

Ranar farko ta azumin nan, bayan la'asar, na je tafsiri. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci kamar kullum, amma a shimfiɗar mai jan baƙi wani ɗalibinsa ne zaune, Malam Habu, mai murya ba laifi. Malam yana sahu na biyu cikin jama'a, ni ina bayansa. Ana cikin karatu Malam Habu ya zame a wani harafi. Kawunan mutane suka juyo wajen Malam gaba ɗaya, don shekara talatin can ake juyawa. Ya ɗaga kai ya buɗe baki ya fara kalmar, sai iska ta fito ta giɓin da ɗan fito, wanda na kusa duk suka ji. Ya rufe bakinsa, ya jawo gefen rawani ya rufe har hanci. Babban malami ya gyara da kansa aka ci gaba. Ban fahimci ko aya ɗaya ba a wannan zama, kunya da baƙin ciki sun toshe mini kunne.

Da aka shafa addu'a na yunƙura in sulale, sai ya waiwayo ya gan ni. Ya yafito ni. Na matso, ya sassauta rawanin ya ce a hankali, "Ruwan gishirin nan, sau biyu na yi da sahur, zan ƙara biyu in an sha ruwa. Ya isa, ko in ƙara?"

Na ce ya isa. Ya ce to, ya sunkuya yana neman takalminsa.

Ya rayu shekara goma sha tara bayan wannan, bai sake rasa haƙori ko ɗaya ba. Bai kuma sake jan baƙi ba.